Kada Ki Ba Nomau Rana

Fagge, Kano.
Laraba, ƙarshen damina.

Zuwa ga jikata kuma amaryata, Azeezat,

Assalamu alaikum. Daga gidan da aka binne cibiyarki nake aiko miki da gaisuwa, tare da roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya da kwanciyar rai, ke da Akeem, ɓarawon da ya sace mini amarya ya kai ta ƙasar sanyi, da kuma ɗan tattaɓa-kunnena Ayomide. Allah Ya raya shi a kan gaskiya, Ya hore muku abin da za ku riƙe shi da shi, Ya tsare ku daga wahalar zaman baƙunta. Yaya aikin asibiti? An ce mini nan gaba kaɗan rana za ta riƙa faɗuwa a wajenku tun mutum bai gama narkar da abincin rana ba. Allah Ya ba ku juriya.

Mu nan sai godiya. Ruwan bana ya bar tabo a silin ɗakin kakarki Halimat, Allah Ya jiƙanta, amma rufin bai faɗo ba. Gwiwoyina suna nan yadda kika bar su, sai dai yanzu a zaune nake salla. Gwaggonki Basirat takan biyo da kwanon abinci idan ta rufe shago a Kantin Kwari, ta tsaya a tsaye ta yi mini faɗa a kan gishiri, ta wuce. Mama Agnes, tsohuwar nas ɗin nan mutuniyar Wusasa da ke zaune a Sabon Gari, ita ma tana leƙowa ta auna mini jini. Wancan makon ta ce wai zuciyata ta fi ni taurin kai, tun da ni na yarda na tsufa, ita kuwa har yanzu gudu take yi kamar ta saurayi. Na ce mata ai amarya gare ni a Turai, dole ta yi gudu.

Za ki yi mamakin ganin takarda alhali muna magana a waya. Dalili shi ne duk sa'ad da na ji muryarki sai in manta abin da na shirya faɗa, in ɓuge da dariya. Alƙalami kuwa ba ya yi mini haka. Ki yi haƙuri da karkacewar rubutun, hannun ne ya tsufa. Mama Agnes za ta ɗauki hoton takardar ta tura miki. Ki karanta a zaune, lokacin da ba kya sauri.

Kin tuna zuwanki bara da ƙawarki Diana, Baturiyar da kuke aiki tare, wadda ta zo ganin gari. Kun je marina, kun je kasuwar Kurmi, sai a hanyar dawowa, kusa da tashar jirgin ƙasa, kuka ga wani mutum zaune da ɗan jan biri, an ɗaure shi da igiya a ƙugu har ta ci naman. Diana ta fashe da kuka, ke ma ranki ya ɓaci, kuka saye shi don ku raba shi da wahala. Da yake kuna tsoron cizo, sai mutumin ya shigo adaidaitar tare da ku ya riƙo muku shi har gida. Ni kuma da na ga baƙo a soro, na sa aka kawo masa ruwa, na tambayi sunansa ya ce Nomau, na raka shi har bakin lungu kamar yadda ake yi wa kowa. Da haka ya san ƙofar gidan nan. Kafin ki koma kika karɓi lambarsa, kika ce mini duk abin da ya kawo mai ciwo in karɓa, ke za ki sallame shi ta waya, mutanenki na can kuma suna ganin hotunan dabbobin suna sa hannu da kuɗinsu. Na ce to. Na ga alheri kike nufi, kuma har gobe na san alheri kike nufi.

Yanzu gidan nan ya cika. Ɗakunan da 'yan haya suka tashi suka bari, duk da mai kwana a ciki. Akwai kunkuru mai fasasshen ƙoƙo a tsohon madafi, akwai mujiya mai karyayyen fiffike a ɗakin da babanki ya yi samartaka, ga bushiya, ga shaho, ga gauraka guda biyu a tsakar gida. Maƙwabta sun daina aiko yara karɓar wuta ko aron tabarma saboda mujiyar, wata ma ta ce wa Basirat wai tsohon ya fara tara abokan tafiya. Ban ji haushi ba. Da safe gidan yakan ɗauki hayaniya, wannan ya yi kuka wancan ya amsa, har in tuna lokacin da kuke yara ana rigimar wanka. Na saba da su. Ina kiran birin Ɗan Baƙo, don sunan da Diana ta sa masa ya ƙi zama a bakina.

Abin da ban taɓa gaya miki ba shi ne yadda nake sanin Nomau ya zo. Ba ya ƙwanƙwasa ƙofa, kuma sallamarsa ƙasa-ƙasa ce, kunnena ba ya kamawa. Rana tsaka yake zuwa, lokacin da lungu ya yi fayau kowa ya shige inuwa. Ina zaune sai in ji gidan ya yi tsit gaba ɗaya. Gauraka su tsaya da ƙafa ɗaya kamar an dasa su, shaho ya daina jan igiyarsa, Ɗan Baƙo ya kwanta ya manna cikinsa da ƙasa. Har ƙarar adaidaita ta titi sai in ji kamar daga wani gari take zuwa. Idan na dogara sanda na fita, sai in tarar da shi tsaye a duhun soro, buhu a hannu, buhun yana motsi a hankali. Ban ce sihiri ba ne, Azeezat, ni ba mai irin wannan magana ba ne, wataƙila warinsa suke ji tun daga bakin lungu. Amma ba su taɓa kuskure ba ko sau ɗaya. Kuma ko ya tafi, sai bayan la'asar sannan wani a cikinsu yake samun ƙarfin buɗe baki.

Na taɓa tambayarsa yadda ake samun ɗan biri ƙarami haka. Ya dube ni kamar na tambaye shi yadda ake ɗebo ruwa a rijiya. Ya ce ai uwar ba ta bayarwa, Baba, sai an kwantar da ita tukuna, kuma ko bayan nan sai an ɓamɓare yatsun ɗan daga jikinta ɗaya bayan ɗaya. Daga ranar na gane wani abu da Ɗan Baƙo yake yi wanda da nake ɗauka wasa ne. Ya samo wani tsohon zanen kakarki a bayan ƙofa, ba ya rabuwa da shi. Da yamma yakan zauna a gindin katanga da zanen a cinya, ya miƙa hannuwansa biyu cikin iska, ya riƙa tsince ƙwarƙwata a jikin da babu shi. Yana buɗa gashin, yana dubawa, yana kai hannu baki. Wani lokaci har ya matsa gefe kaɗan, kamar wanda ake ce wa gyara in zauna. Idan na kira shi a wannan lokacin ba ya waiwayowa. Wannan ba na nuna miki shi a waya.

Gaurakan nan biyu da kika yi murna da su, da aka kawo su idanunsu a ɗinke suke. An ɗinke fatar idon da baƙin zare, wai don kada su yi ta dukan buhu a hanya. Ban bari kin gani ba sai da Mama Agnes ta zo da ɗan almakashinta ta warware. Tana cikin aikin tana zagin wanda ya yi da Hausa da Turanci, har na ce mata ashe 'yan coci ma sun iya. Da ta gama sai ta zagaya ɗakunan tana duba sauran, ta dawo ta zauna a kan turmi. Sai ta ce, Baba Yekini, ita fa ta yi shekara da shekaru tana wanke ciwo, ta san wanda tarko ya yi, ta san wanda hannu ya yi. Ta ce ciwukan waɗannan duk bakinsu a miƙe yake kamar an ja layi, kuma duk a inda ido zai gani ne, ba a inda rai zai fita ba. Na ce mata kada mu ɗauki alhakin bawan Allah. Ta ce to, ita dai ta faɗa.

Makon jiya gidan ya yi tsit kamar yadda ya saba, na fita, sai na ga Nomau hannu rabbana, ba buhu. Ya durƙusa ya gaishe ni da ladabi. Ya ce Hajiya, wato ke, ta yi masa albishir a waya cewa za ta zo hutun ƙarshen shekara da ayarin ƙawaye, kowacce tana son ta ceci dabba da hannunta, a ɗauke ta hoto. Ya ce shi ya sa ya zo in je in ga kaya da idona, in shaida miki bai yi wasa da aikinki ba. Har adaidaita ya taho da ita. Da farko na ƙi, amma maganar Mama Agnes tana ci na, sai na sa hula na bi shi.

Wani tsohon sito ya kai ni, can bayan layin dogo, irin waɗanda muke jibge buhunan gyaɗa a ciki zamanin da nake akawu a reluwe. Kwanon rufin duk ya huje, rana tana zubowa ta ramukan kamar an kakkafa sanduna. Da muka shiga ban ga komai ba, kuma ban ji komai ba, har na ɗauka wurin fayau yake. Sai da idona ya saba da duhun na fara ganin idanu. A ƙasa, a cikin kwanduna, a kan katako, har sama kusa da rufi, ko'ina idanu ne, kuma ba ni suke kallo ba, shi suke kallo. Wuri cike da rai haka, amma ko numfashi ba ka ji. Akwai 'yan birai, akwai aku, akwai wasu tsuntsayen da rabona da ganin irinsu tun ina yaro. A kusurwa kuma ga 'ya'yan barewa, ƙafafunsu kamar tsinken tsintsiya. Ɗaya ta taso tana rawar jiki ta lashi tafin hannuna. Na shafa ta tun daga wuya har ƙafa, na duba ta kusa da ita, na duba biran. Azeezat, babu mai ko ƙwarzane a cikinsu. Duk lafiyarsu ƙalau.

Na ce masa ai waɗannan ba su da ciwo. Ya yi murmushi ya ce ai shi ya sa ya kawo ni, bai taɓa su ba tukuna, rana yake jira. Ya ce shi ya lura lafiyayye ba ya tafiya. Da ya tura miki hoton kunkuru mai lafiya, sai kika ce a mayar da shi daji, amma da ya tura mai fasasshen ƙoƙo, kafin magariba waya ta yi ƙarar shigowar kuɗi. Ya ce abin yana son lissafi, Baba: idan ciwon ya yi sabo da yawa, baƙi suna tsoron jini, idan kuma ya kwana biyu da yawa, ko ya warke ko ya ruɓe a yi asara. Don haka yake so Hajiya ta gaya masa ranar saukarku daidai, ya san lokacin da zai fara. Wallahi yadda tela yake tambayar ranar biki, haka ya tambaya. Babu mugunta a fuskarsa, kuma wannan ne ya fi tayar mini da hankali. Ya ce kafin Allah Ya haɗa shi da ke, sai ya shekara bai sayar da abin kirki ba, yanzu kuwa ƙannensa sun ajiye fartanya sun shiga daji, har na ƙauyukan kusa suna kawo masa. Ya ce kullum suna sa ki a addu'a. Ya ce a garinsu an yi haihuwa kwanan baya, an sa wa jaririyar Azizatu.

A cikin adaidaita na gaya masa babu wanda zai zo, tafiyar ta fasu, ya kwance dabbobin nan ya mayar da su inda ya ɗebo su. Ya yi dariya ya ce Baba ke nan, tsufa ya fara taɓa ka, ai Hajiya ce mai waya, daga bakinta zai ji. Da na dawo na gaya wa Mama Agnes, ita kuma ta gaya wa ɗanta Ernest, wanda ya san wasu ma'aikatan kula da namun daji. Sun je siton washegari, suka tarar da ƙofa a buɗe, babu komai sai kashi da guntayen igiya. Nomau ya kwashe su, ban san ina ba. Ya san ni na faɗa, amma bai nuna mini komai ba. Yanzu kullum rana tsaka yana zuwa ya zauna a inuwar rumfar mai faci da ke kallon ƙofarmu, wayarsa a kan gwiwa. Idan na leƙa sai ya miƙe ya cire hula ya gaishe ni, ya tambaya ko Hajiya ta yi magana.

To, amaryata, ga abin da nake roƙonki, kuma ban taɓa roƙonki komai ba sai wannan. Kada ki ba Nomau rana. Kada ki gaya masa wata, kada ki gaya masa mako, kada ma ki amsa don ki yi masa faɗa, domin duk amsar da ya ji daga gare ki ciniki zai ɗauke ta. Na san abin da zuciyarki za ta ce miki, za ta ce ki saye na siton gaba ɗaya tun bai taɓa su ba. Ni ma ta ce mini haka lokacin da barewar nan take lasar hannuna. Amma idan kika saye su, kafin ki sauka daga jirgi ya sake cika wani siton, kuma kowane ɗan da zai kawo, akwai uwar da aka kwantar. Ba zan yi miki ƙarya in ce na san abin da zai sami waɗancan ba. Wataƙila ya sayar wa masu kiwo, wataƙila wasu su mutu a hannunsa. Wannan nauyi ne da ni da ke za mu ɗauka mu kai gaban Allah. Abin da na sani kawai, muddin bai ji rana ba, rezarsa tana aljihu.

Ki gaya wa Diana da sauran ƙawayenki su zo, Kano ba ta ƙin baƙo. Amma idan suka ga dabba a ɗaure a bakin titi, ko biri ne ake sa shi rawa, ko kura ce da takunkumi, ko tsuntsu a keji, su kau da kai su wuce, ko da zuciya tana ciwo. Kada su tsaya, kada su ɗaga waya, kada hawaye ya zubo a gaban mai ita, don hawayen yake karantawa. Mai son ganin barewa ya je inda take kiwo da ƙafarta, ya hange ta daga nesa, idan ta gudu ya gode wa Allah da Ya ba ta ƙafar gudu. Ki kuma gaya wa masu sa hannun nan gaskiyar inda taimakonsu ya tafi. Zai yi miki nauyi a baki, na sani, amma ke jinin Halimat ce, ba a san ku da ɓoye-ɓoye ba.

Saura magana ɗaya, ita ce ta sa na yi ta jinkirin rubuta takardar nan. Mutanen Ernest za su zo da mota ranar Asabar su kwashe na gidan nan duka, su kai su inda akwai likita da fili. Ni na ce su zo. Har Ɗan Baƙo, kuma na ce a bar masa zanen. Ban yi shawara da ke ba, ki yafe mini. Kin san kafin zuwan birin nan, daga salla sai salla nake jin muryarki, kuma ban ga laifinki ba, aiki ne da nisa. Da ya zo sai ya zama duk Lahadi wayata tana ƙara, ki ce Baba juya mini in gan shi, in yi ta bin sa da waya a tsakar gida kina dariya, Ayomide yana ihu, a ƙarshe ki tambaye ni gwiwa. Shekarar nan ita ce mafi daɗin da na yi tun rasuwar kakarki. Na san da wannan lokacin da na ce wa Ernest su zo da motar. Daga Asabar ba ni da abin da zan juya miki ki gani, sai bango da turmi da fuskar tsoho.

Gwaggonki Basirat tana gaishe ki, ta ce a tuna miki maganin ƙafarta. Mama Agnes tana gaisuwa, ta ce ke ma nas ce, za ki gane abin da ta gani. Ki gaishe mini da Akeem, ki ce masa har yanzu ban yafe satar ba. Ki shafa mini kan Ayomide, ki riƙa yi masa Hausa ko kaɗan ce, kada ya zo ya tsaya yana kallon bakina. Ki gai da Diana, ki ce mata kukan da ta yi a tasha kukan mutumin kirki ne, ba ita ta ɓata shi ba. Allah Ya yi muku albarka, Ya sada mu da alheri in da sauran kwana.

Ranar Lahadi zan sa farar rigata in zauna a soro da wayar a hannu, daga azahar har magariba.

Ni ne kakanki, angonki na fari,
Yekini.